FASHIN BAƘI: Shin kyautar kayan gida ga 'yan gudun hijira na rage wa mutum haraji a Najeriya?

Duk lokacin da aka kai hari wani ƙauye a Faskari, Sabuwa, Ɗandume ko Ƙanƙara, abin da ke biyo bayan jana'iza kusan iri ɗaya ne. Mata da yara su kwararo Funtuwa ko Bakori ko Malumfashi da tufafin jikinsu kaɗai, a sauke su a makarantar firamare ko a kangon wani bawan Allah, sannan a yi shela a masallatai da majami'u da zaurukan WhatsApp: mai tabarma ya kawo, mai bargo ya kawo, mai tukunya da bokiti ya kawo. Harin asuba da aka kai wa masallata a Unguwar Mantau cikin watan Agustan 2025 ya nuna cewa ƙasar Malumfashi ma ba ta tsira ba. Kafin motar hukumar agaji ta iso, katifar da uwar gida ta cire daga ɗakinta da buhun masarar da manomi ya ɗauko daga rumbu su ne ke riƙe mutane.

Tun da aka fara muhawara kan sabbin dokokin haraji, wata tambaya ta riƙa fitowa daga bakin matasan da ke haɗa irin wannan gudummawa, musamman waɗanda suka ga yadda Amurkawa ke bayani a intanet cewa sun kai tsofaffin kujeru da tufafi gidan agaji an rage musu haraji. Tambayar ita ce, mu ma muna da wannan haƙƙi?

Ga mutum a kan kansa, ma'aikaci ne ko manomi ko ɗan kasuwa, amsar ita ce babu. Ga kamfani akwai ƙofa, sai dai tana da sharuɗɗa, kuma mafi yawan gudummawar da ake tarawa a wannan shiyya ba ta cika su.

Me ake nufi da rangwamen

Ya kamata a fara raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne a cire abin da aka bayar daga cikin kuɗin da za a lissafa wa haraji. Na biyu shi ne a cire shi kai-tsaye daga harajin kansa. Tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Idan kamfani yana biyan kashi 30 cikin 100, ya ba da kayan Naira 100, to a tsari na farko Naira 30 ce ta rage masa, sauran 70 daga aljihunsa suka fita. A tsari na biyu kuwa Naira 100 ɗin gaba ɗaya gwamnati ce ta ɗauka.

Tsari na biyun shi ne wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wa manyan kamfanoni da Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 007 a watan Janairun 2019, inda kamfani kan gina hanya a cire masa kuɗin daga harajinsa. Ta wannan hanya kamfanin Ɗangote ya yi aikin titin Obajana zuwa Kabba. Kyauta ga mabuƙata ba ta taɓa samun wannan gata ba. Duk abin da dokar Najeriya ta tanada game da kyauta yana cikin tsari na farko ne. Saboda haka mai cewa kamfanoni na ba da sadaka ne don su guje wa haraji bai yi lissafin ba: wanda ya bayar, ko da an yi masa rangwame, abin da ya fita daga hannunsa ya fi abin da ya dawo. Inda ake cin riba shi ne inda aka yi ƙarya a farashin kayan, kuma za mu zo kansa.

Mutum ɗaya: jerin da babu sadaka a ciki

Harajin kuɗin shigar mutum, gwamnatin jihar da yake zaune ce ke karɓa. Malamin sakandare a Funtuwa, ma'aikaciyar jinya a Malumfashi, dillalin hatsi a kasuwar Ɗandume, duk Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jihar Katsina ce ke da alhakinsu. Na ma'aikaci ana yanke shi daga albashi kowane wata, na mai sana'ar kansa kuma ana ƙiyasta masa.

Dokar da aka yi aiki da ita tun 1993, wadda aka yi wa babban gyara a 2011, ta lissafa abin da za a cire kafin a yi wa mutum haraji: kuɗin fansho, asusun gidaje na ƙasa, inshorar lafiya, inshorar rai, kuɗin ruwan bashin gina gidan da mutum ke zaune a ciki, da wani sassauci na bai-ɗaya da kowa ke samu. Sadaka, zakka, baiko ko gudummawar agaji ba su cikin jerin.

Ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabbin dokokin haraji huɗu, waɗanda kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta ya tsara. Biyu daga ciki, masu bayanin lissafin haraji da yadda ake karɓarsa, sun fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. An soke sassaucin bai-ɗaya, an kawo rangwamen kuɗin haya, wato kashi 20 cikin 100 na hayar shekara amma kada ya wuce Naira 500,000. Fansho da inshora da asusun gidaje suna nan. Kyauta dai ba ta shiga ba.

Sabon matakin harajin ya tafi kamar haka: Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji, Naira miliyan 2.2 da ke biye kashi 15. Miliyan 9 da ke biye kashi 18. Miliyan 13 kashi 21. Miliyan 25 kashi 23. Abin da ya haura miliyan 50 kashi 25. Ɗauki misalin malami wanda, bayan an cire fansho da sauran abin da doka ta yarda, ya rage da Naira miliyan 1.5 a shekara. Za a bar masa 800,000, a yi wa 700,000 haraji a kan kashi 15, ya kama Naira 105,000. Ko ya kwashe ɗakinsa kaf ya kai wa waɗanda aka kora daga ƙauye, Naira 105,000 ɗin tana nan yadda take. Da a ce dokarmu irin ta Amurka ce, ya ba da kayan Naira 50,000, abin da zai ragu Naira 7,500 ne. Wanda kuwa ke kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a wata, doka ta riga ta yafe masa, babu ma abin da za a rage.

A nan 'yan kasuwa da yawa ke ruɗewa. Mutum ya je hukumar CAC ya yi rajistar sunan kasuwanci, ya sa allo a ƙofar shago, ya ɗauka ya zama kamfani. A idon dokar haraji shi da shagon abu ɗaya ne, harajin mutum ɗaya yake biya wa jiha. Abin da aka yarda ya cire daga cinikinsa shi ne abin da ya kashe kacokan don neman wannan kuɗin shiga: hayar shago, dakon kaya, albashin yara, gyaran mota. Bargo ɗari da ya raba wa mabuƙata ba ya cikin wannan, komai yawan ladansa.

Kamfani: ƙofar da ke buɗe

Kamfani mai cikakkiyar rajista, irin wanda sunansa ke ƙarewa da Limited ko Plc, gwamnatin tarayya yake biya wa haraji, ta hannun hukumar da aka sani da FIRS, wadda yanzu ta koma NRS. Shi ne doka ta ba damar cire kyauta daga riba.

A tsohuwar Dokar Harajin Kamfanoni, sashe na 25 ne ya yi wannan tanadi. Ya ce kyautar ta fito daga riba, kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na ribar shekarar, kuma wanda aka bai wa ya kasance cikin Jadawali na Biyar na dokar. Jadawalin ya ambaci wasu ƙungiyoyi da sunansu, kamar Red Cross ta Najeriya, ƙungiyar 'yan sikawut, Majalisar Kiristoci ta Najeriya da Islamic Education Trust, ya haɗa da asibitoci da makarantun gwamnati. A 2011 aka faɗaɗa shi ya karɓi ƙungiyoyin da ke hidimar jama'a irin su kula da marayu da zawarawa da kare haƙƙin ɗan Adam. Jami'o'i da manyan makarantu sun sami nasu sashe na daban, mai iyaka mafi faɗi: kashi 15 na riba ko kashi 25 na harajin da za a biya, duk wanda ya fi yawa.

Maganar kaya, ba tsabar kuɗi ba, annobar korona ce ta fito da ita sarari. A 2020 manyan kamfanoni da bankuna sun haɗu a ƙarƙashin CACOVID suka sayi abinci da kayan asibiti, sai aka ga dokar ba ta fayyace yadda za a lissafa irin wannan ba. Dokar Kuɗi ta 2020 ta ƙara wa sashe na 25 bayani cewa kamfanin da ya ba da kuɗi ko kaya ga asusun da gwamnatin tarayya ko ta jiha ta kafa, ko ga hukumar da aka ayyana, saboda annoba ko bala'i ko wani halin gaggawa, zai iya cire kuɗin da ya kashe wajen sayen kayan ko ƙera su, muddin ya kawo takardun shaida. Mai karatu zai tuna cewa wani ɓangare na waɗannan kaya shi ne jama'a suka fasa rumbuna suka kwasa a jihohi da dama cikin watan Oktoban 2020, bayan zanga-zangar EndSARS. Rangwamen haraji yana tabbatar da cewa kaya sun fita daga hannun kamfani ne kawai, bai taɓa zama shaidar cewa sun isa hannun talaka ba.

Sabuwar dokar 2025 ta riƙe wannan ƙofa ga kamfanoni, tare da iyakar kashi 10 cikin 100 na riba, kuma masu karɓa su ne asusun gwamnati da hukumominta, da cibiyoyin addini, na agaji da na ilimi da aka kafa a Najeriya, da ayyukan ɗauki lokacin annoba ko bala'i.

Ga misali, a ƙaddara wani kamfanin sarrafa hatsi ko auduga a Funtuwa ya ci ribar Naira miliyan 200 a shekara. Iyakarsa miliyan 20 ke nan. Ya sayi katifu da barguna da gidajen sauro da tukwane na miliyan 15, ya miƙa wa hukumar agajin gaggawa ta jiha. Ribar da za a yi wa haraji ta koma miliyan 185, harajinsa na kashi 30 ya sauka daga miliyan 60 zuwa miliyan 55.5. Ya rage miliyan 4.5, ya kashe miliyan 10.5 daga nasa. Da ya ba da na miliyan 30, miliyan 20 kaɗai za a lissafa. Da kuma faɗuwa ya yi a shekarar, kashi 10 na babu, babu ne.

Wannan miliyan 4.5 kuɗin jama'a ne da gwamnati ta haƙura da shi. Ma'ana, duk lokacin da aka ga shugaban kamfani yana miƙa kaya gaban kyamara, idan ya nemi rangwame, kusan sulusin kayan baitulmali ne ya biya. Ba laifi ba ne, doka ce ta yarda. Amma yana ba ɗan ƙasa hurumin tambayar inda kayan suka tafi.

Ƙaramin kamfani kuma wannan ƙofa ba ta da amfani a gare shi. Tun Dokar Kuɗi ta 2019 aka yafe harajin riba ga kamfanin da cinikinsa bai wuce Naira miliyan 25 a shekara ba, sabuwar doka ta ƙara ɗaga wannan iyaka. Wanda harajinsa sifili ne, babu abin da za a cire masa. Yawancin kamfanonin sayar da taki da iri da maganin feshi da ke garuruwan wannan shiyya a wannan aji suke.

Wa aka bai wa, kuma da wace shaida

A nan ne gudummawarmu ta gargajiya ke faɗuwa jarabawar doka. Kayan da aka miƙa wa mutum hannu da hannu, ko ga mai unguwa ya raba, ko ga kwamitin matasa da aka kafa daren da aka kai hari, ba sa shiga lissafi, ko da kamfani ne ya bayar. Dole mai karɓa ya zama hukuma ko ƙungiya da doka ta sani. Ga ƙungiyar sa-kai, matakin farko shi ne rajistar amintattu a CAC, ƙarƙashin Kashi na F na Dokar Kamfanoni ta 2020, sai lambar shaidar haraji, sai rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC, wanda bankuna kan nemi takardarsa kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Ƙungiyoyin ci gaban gari da kwamitocin masallatai da yawa, waɗanda su ne ke ɗauke da nauyin 'yan gudun hijira a zahiri, ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kamfanin da ke son rangwame zai tsallake su ya kai wa hukuma, ko da ya san su suka fi sanin wanda ke kwana da yunwa.

Takardun da akanta zai buƙata ba su da wuyar fahimta: rasiɗin sayen kayan mai nuna adadi da farashi, shaidar biyan kuɗin ta banki, takardar dakon kaya, da wasiƙar amsa daga mai karɓa wadda ta lissafa abin da ya shigo sito, da kwanan wata da sa hannu. A ajiye su aƙalla shekara shida, domin masu binciken haraji na iya waiwayowa. Kamfani na miƙa bayanin harajinsa cikin wata shida bayan rufe shekarar asusunsa, kuma a cikinsa ake neman rangwamen. Babu wani ofishi da ake zuwa da rasiɗi a karɓo kuɗi.

Abin lura shi ne ma'aunin da tanadin 2020 ya ɗauka: kuɗin da aka kashe, ba farashin kasuwa ba. Kamfanin da ke yin sabulu, idan ya ba da katan dubu, abin da ya kashe wajen yin su zai lissafa, ba abin da zai samu da ya sayar ba. Tsofaffin kaya sun fi rikitarwa. Otal da ya sauya katifu da zannuwan gado ya ba da tsofaffin, ya riga ya ci rangwamen tsufarsu a littattafansa shekara da shekaru, don haka ba shi da hujjar sake lissafa su a farashin sababbi. Duk inda za a yi maguɗi a wannan harka, a farashi ake yi: a sayi bargo a kuɗi kaza, a rubuta ninki biyu, mai karɓa ya sa hannu ba tare da ya ƙirga ba. Mai bincike da ke son gano gaskiya, ya kwatanta rasiɗin da farashin kasuwar ranar, sannan ya nemi littafin sito na hukumar da ta karɓa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa hukumar tarayya irin NEMA ya nemi wannan.

Akwai kuma kyautar da doka ta haramta wa kamfani gaba ɗaya. Sashe na 43 na Dokar Kamfanoni ta 2020 ya hana kamfani ba jam'iyyar siyasa ko wata manufar siyasa gudummawa. Buhunan shinkafa da atamfofin da ake rabawa da azumi, da hoton ɗan takara a jiki, ba agaji ba ne a ma'anar dokar haraji, ko da sunan gidauniya aka raba su. Idan aka ga irinsu cikin littafin wani kamfani a matsayin kyautar da aka cire daga riba, to labari ya samu.

Yadda abin yake a inda aka aro tambayar

A Amurka an fara cire kyauta daga kuɗin shigar mutum tun 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mutum na iya kai tufafi, kujeru ko kayan girki ga ƙungiya irin Goodwill ko Salvation Army, ya lissafa su a farashin da za su yi a kasuwar gwanjo. Sai dai bidiyon minti ɗaya ba ya kawo sharuɗɗan. Tun 2006 doka ta ce kayan su kasance masu sauran amfani, ba tsummokara ba. Kyautar da ta kai Dala 250 sai da rubutacciyar shaida daga ƙungiyar. Idan kayan shekara sun haura Dala 500 sai an cike fom mai lamba 8283. Abin da ya haura Dala 5,000 sai ƙwararre ya yi masa kuɗi. Sannan mai son wannan rangwame dole ya haƙura da sassaucin bai-ɗaya ya lissafa abubuwansa ɗaya bayan ɗaya. Tun da aka kusan ninka wancan sassauci a 2017, kusan tara cikin goma na masu biyan haraji a can ba sa bin wannan hanya.

Ɗan Funtuwa da ke zaune a Amurka ya kula da abu ɗaya: kayan da ya aiko wa 'yan'uwa ko wata ƙungiyar gida kai-tsaye ba za a cire masa su a can ba, domin hukumar IRS ba ta lissafa kyauta ga ɗaiɗaikun mutane, haka ma ga ƙungiyoyin ƙasashen waje sai 'yan ƙalilan da yarjejeniya ta keɓe. A wannan ɓangaren kuma, kwantenar agaji ba ta wuce kwastam kyauta sai da takardar yafe kuɗin fito daga Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, kuma tufafin gwanjo suna cikin jerin kayan da aka haramta shigo da su, duk da cewa babu kasuwar da ba a kasa su.

Ingila ta bi wata hanya dabam. A tsarin Gift Aid da ta fara a 1990, ƙungiyar agajin ce ke karɓar ƙarin kwabo 25 daga gwamnati a kan kowane Fam ɗaya da mai biyan haraji ya bayar. Idan kaya ne, shagon ƙungiyar ya sayar a madadin mai su, kuɗin ya zama kyautarsa.

Zakka da haraji

A ganina tambayar da ta fi nauyi ga wannan shiyya ba ta tsohuwar katifa ba ce, ta zakka ce. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ƙasar masara da dawa da waken soya da auduga ce. A Funtuwa aka kafa ɗaya daga cikin shirye-shiryen bunƙasa noma uku na farko da Bankin Duniya ya tallafa a 1975, tare da Gusau da Gombe. Manomin da hatsinsa ya kai nisabi, wato wusiƙi biyar ko sa'i 300, yana fitar da ɗaya cikin goma idan noman damina ne, ɗaya cikin ashirin idan ban-ruwa ya yi da wahalarsa. Mai buhu ɗari ya fitar da goma. Wannan ya fi abin da ma'aikata da yawa ke biya a matsayin haraji, kuma dokar haraji ba ta san da shi ba.

A da can ba haka abin yake ba. A zamanin sarakuna zakkar hatsi tana cikin kuɗin shigar hukuma, tare da kuɗin ƙasa da jangali. Turawa suka zo, da dokar Lugga ta 1906 suka dunƙule zakka da kuɗin ƙasa suka mai da su haraji guda, aka ci gaba da karɓarsa ta hannun hakimai da dagatai har bayan 'yancin kai. A 1979 Gwamna Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Funtuwa da Malumfashi ke cikinta kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Zakka ta tsaya tsakanin mutum da Ubangijinsa, har zuwa lokacin da jihohi suka fara kafa mata hukumomi bayan dawo da shari'a: Zamfara ta fara, Kano ta kafa tata ta Zakka da Hubusi a 2003, Sakkwato ta yi suna da tata, Katsina ma tana da Hukumar Zakka da Waƙafi a zamanin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa. Rasiɗin kowace daga cikinsu ba ya rage wa mutum ko sisi a harajin kuɗin shiga.

Wasu ƙasashe sun haɗa biyun. A Malesiya, zakkar da Musulmi ya biya wa hukumar addini ta jiharsa ana cire ta kai-tsaye daga harajinsa. A Indonesiya ana cire ta daga kuɗin da za a yi wa haraji, idan an biya ta hannun hukumar BAZNAS ko cibiyar da gwamnati ta amince da ita. Masu neman a yi haka a nan suna da hujja mai ƙarfi: mutumin da ya ciyar da waɗanda gwamnati ta kasa karewa ya yi aikin gwamnati, bai kamata a lissafa shi daidai da wanda bai ba da komai ba. Kuma rangwame zai jawo zakka ta fito fili, a san adadinta.

Hujjar ɗaya ɓangaren ma ba ta da rauni. Rangwame irin wannan mai manyan kuɗi yake amfana: wanda ke matakin kashi 25 ya sami Naira 25 a kowace ɗari, malamin firamare ya sami 15, talakan da bai kai Naira 800,000 ba, wanda shi ne ya fi saurin cire tabarmarsa ya bayar, bai sami komai ba. Kuɗin da za a rasa kuma daga asusun jiha zai fita, jihar da tuni ta dogara da kason Abuja. Ƙari a kan haka, wa zai yi wa tsohuwar tukunya kuɗi? Hukumar da ba ta gama sanin adadin masu shaguna a kasuwa ɗaya ba, da wuya ta iya tantance rasiɗin kayan gida dubbai. Kuma sashe na 10 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin nata, don haka duk abin da aka yi wa zakka dole a yi wa ushiri da baikon Kiristocin Malumfashi da Ƙafur. Akwai ma batun al'ada: mutane da yawa sun fi son sadakar da hannun hagu bai sani ba, rasiɗi kuwa kishiyar haka ne. Ko neman rangwame yana taɓa lada, wannan fagen malamai ne.

Ni dai inda na karkata shi ne, idan za a buɗe ƙofar ga ɗaiɗaikun mutane, a fara da abin da ke da ma'auni tabbatacce, wato kuɗin da ya bi ta banki da hatsin da aka auna aka miƙa wa hukuma ko ƙungiya mai rajista, a sa masa iyaka, a bar tsofaffin kayan gida a waje tukuna.

Wanda ke son a yi wannan gyara kuma ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Jiha ce ke karɓar harajin mutum ɗaya, amma ba ita ke rubuta dokarsa ba. Tsarin Mulki ya sa harajin kuɗin shiga da na riba a lamba ta 59 cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Majalisar Dokokin Katsina ba ta da ikon ƙara ko kalma ɗaya a jerin abin da ake cirewa, Gwamna ma haka. Ƙudirin sai ya bi ta hannun Sanatan Katsina ta Kudu, mai wakiltar ƙananan hukumomi 11 na shiyyar Funtuwa, ko 'yan Majalisar Wakilai na yankin. Lokacin da ƙudirorin haraji ke gaban majalisa, daga Oktoban 2024 zuwa tsakiyar 2025, kusan dukkan hayaniyar Arewa a kan rabon harajin VAT ta ƙare, tun daga taron gwamnonin Arewa a Kaduna ranar 28 ga Oktoban 2024. Jerin abin da ake cire wa mutum ɗaya ya wuce ba tare da sadaka ko zakka a ciki ba, kuma a haka ake lissafin bayanin harajin da doka ta ce kowane mai kuɗin shiga ya miƙa wa hukumar jiharsa kafin 31 ga Maris na kowace shekara.